Sawun da Ke Bayan Firiza

Ranar Litinin da safe Dakta ta daina yaudarar kanta, ta yarda cewa 'ya'yan ayabarta sun mutu. Kwalba ɗari biyu da goma sha huɗu jere a kan kanta a ƙarƙashin fitilu, kowace da ɗan tayin iri guda ɗaya a cikinta, kuma babu ko ɗaya da ya yi kore. Duk sun koma launin ƙasa, sun ƙanƙance kamar kashin ɓera.

Wanda bai san aikin ba zai ce mene ne abin kuka a ayaba. Ga yadda abin yake. Wata cuta ce take cinye gonakin ayaba, sai Dakta ta shekara bakwai tana haɗa ayabar gida da wata ta daji wadda cutar ba ta kamawa. Ayaba ba ta son yin ƙwaya, in ma ta yi, ka binne ta a ƙasa ba za ta tsiro ba. Sai an fasa ƙwayar, a ciro ɗan tayin da ke ciki, wanda bai fi kan allura ba, a ɗora shi a kan wani daskararren abinci a cikin kwalba, a yi ta renonsa kamar bakwaini. Wahalar shekara bakwai ke nan a cikin kwalaben nan.

Mutum shida ne ke aiki a wannan cibiyar binciken tsirrai, kuma kafin azahar yawancinsu sun gama yanke hukunci a zuciya. Gwaggo ce, mai wanke kwalabe. An sha ganinta tana fita da kwalabe a cikin jaka. An ji ta a watan da ya wuce tana faɗa da Sikeli, mai haɗa abincin tsirran, har ta ce masa zai gani. Aka ce ruwan bilicin da take wanki da shi ta bari a gindin kwalaben da gangan. Babu wanda ya faɗa mata a fuska. An dai daina amsa gaisuwarta da kyau, aka kuma ɗauke kofinta daga inda ake ajiye na kowa.

Manyan cibiyar suka ce ranar Alhamis ta sama za su zauna, a kawo musu sunan wanda ya yi, su ba shi takardar sallama. Dakta ba ta son 'yan sanda, ba ta kuma son ta kori mace mai marayu uku a kan an ce an ce. Da kwana tara suka wuce ba ta samu komai ba, sai ta tuna cewa mahaifin wata ma'aikaciyarta mai bin sawu ne.

*

Mai Sawu bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa. Amma shekara arba'in yana karanta ƙasa. Ya bi ɓarayin shanu kwana huɗu a kan dutse, ya gano babur a cikin rijiya, ya taɓa dawo da wani tsoho da ya ɓace ta hanyar bin inda sandarsa ta riƙa tokarar ƙasa. Wata biyu da suka wuce amai da gudawa suka kwantar da shi kwana goma, har aka fara kiran 'yan uwa. Ya tashi, amma wandonsa har yanzu sai ya ƙara masa ƙulli.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, ita ce ta yi karatu a gidan. Ita ce mai hannun da ke ciro ɗan tayi daga ƙwaya ba tare da ya ƙuje ba, kuma duk wanda ya zauna da Mai Sawu minti goma sai ya ji wannan labarin.

Da safen Laraba yana ɗaura takalmi ta tsaya a kansa, ta ce masa wannan ba irin aikinsa ba ne. Can babu ƙasa, siminti ne da tayil, kullum ana gogewa. Ta ce bai gama warwarewa ba, ya bari ta ba Dakta haƙuri.

Ya ɗago ya dube ta. "Kunyata kike ji a gaban 'yan boko?"

"Ba haka ba ne, Baba."

"In kunya ce ki faɗa. Sai in yi kamar ban san ki ba."

Ta ɗauki jakarta. Suka tafi, tana gaba yana baya, abin yana cinsa a rai har bakin ƙofar cibiyar.

*

A ƙofar ɗakin reno aka sa shi ya cire takalminsa, aka ba shi farin silifa na roba irin wanda kowa ke sawa, da hular leda, da takunkumi. Ya dubi jerin silifan, duk iri ɗaya, girma ɗaya, ya ce wa Dakta wanda ya ƙirƙiro wannan dokar abokin ɓarayi ne. Ta yi ɗan murmushi, na farko a kwana tara. Mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana, idanunta sun faɗa.

Ya zaga ɗakin a hankali, hannuwansa a baya. Bai taɓa komai ba. Ya daɗe a gaban matattun, sannan ya juya ga kantar da ke fuskantarsu, inda wasu kwalabe ke cike da ganye kore shar. Ya tambaya mene ne waɗannan. Dakta ta ce rogo ne da dankali, an dasa su mako ɗaya da ayabar.

Ya tambaya wa ya wanke kwalabensu. Ta ce Gwaggo, ai ita kaɗai ke wanki. Ya tambaya ko Gwaggo tana sanin wace kwalba za a sa wa ayaba, wace za a sa wa rogo. Dakta ta ce a'a. Kwalaben duk cikin kwando ɗaya suke fitowa daga tukunyar da ake dafa su, mai haɗi ya ɗebi wadda hannunsa ya kai.

"To bilicin nan yana da wayo," in ji Mai Sawu. "Ya san ayaba, ya san rogo."

*

Duk da haka ya je wurin Gwaggo. Ya same ta a ɗakin wanki, hannuwanta sun yi fari fat saboda ruwa, tana goge kwalba da ƙarfin da ya fi na wanki.

"Kai ne aka ɗauko ka shinshino ni?" ta ce, ba ta juyo ba. "Shinshina, Malam. Sabulu za ka ji."

Ya tambaye ta kwalaben da take fita da su. Ta janyo jakarta ta zazzage a gabansa. Guda biyar, kowace da tsaga a baki. Waɗanda aka ce a zubar ne, ita kuma tana kai wa maƙwabciyarta mai sayar da man shafawa. Faɗanta da Sikeli kuwa, ce mata ya yi tana barin zanen yatsa a jikin gilashi, a gaban baƙi, kamar wata yarinya. Ta ce masa zai gani, kuma ya gani, don mako guda ta yi ba ta ɗumama masa ruwan shayi ba.

Sai muryarta ta sauka. Ta ce babbar 'yarta ta dawo daga makaranta jiya tana kuka, wai an ce uwarta ta zuba guba a wurin aiki. Shekara goma sha ɗaya tana wanke kwalaben nan, ko cokali bai taɓa ɓata a hannunta ba.

"'Yarka kaɗai ke gaishe ni yanzu," ta ce. "Ita ma kanta a ƙasa, kamar ni na yi mata wani abu."

Mai Sawu ya ji daɗin wannan maganar. Ya ce a ransa ya yi tarbiyya.

*

Mai inji, mai kula da janaretan cibiyar, ya fi sauƙi. Wani ya raɗa wa Dakta cewa ya taɓa barin janareta a kashe yini guda ya tafi ɗaurin auren ƙaninsa, ɗakin ya yi zafi. Mutumin bai musa ba. Ya ce awa uku ne, ba yini ba, kuma in zafin awa uku na kashe tsiro, to rogon can da ke kore fatalwa ce. Ya ƙara da cewa shi dai a rabu da shi, ayabar da ya sani ita ce wadda ake ɓarewa. Mai Sawu ya bar shi.

Sikeli ne ya ɗauki lokaci. Siriri ne mai gilashi, an sa masa sunan ne don ko sukarin shayinsa sai ya auna. Da ya ji tambayar farko ya ɗauko littafinsa ya buɗe a gaban Mai Sawu, shafi bayan shafi, ya manta ko ya yi kamar ya manta cewa mutumin ba ya karatu. Mai Sawu ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya tura littafin gefe da yatsa ɗaya, ya ce a faɗa masa da baki, kamar yadda mace za ta faɗi abin da ta zuba a tukunya.

Sikeli ya lissafa. Tataccen ruwa. Gishirin sinadarai kala-kala. Sukari. Garin da ke sa abincin ya daskare. Garin gawayi kaɗan, don ya tsotse dattin da tsiron ke fitarwa. Wannan kowane tsiro yana ci, rogo da dankali da ayaba.

"Me ayaba ta ci wanda rogo bai ci ba?"

Abu ɗaya ne, in ji Sikeli. Ruwan ɗanyar kwakwa. Ɗan tayi bai da ƙarfin cin abincin manya, sai an ƙara masa wannan, shi ne nononsa. A garin ba a samun ɗanyar kwakwa, daga nesa ake kawo ta a mota sau biyu a shekara. In ta zo a fasa, a tace ruwan, a tafasa, a sake tacewa har ya yi garau, a ɗura a robobi masu ruwan ƙasa, a sa a firiza a sito. Makullin siton uku ne: na Dakta, nasa, da na Auta. Gwaggo ko leƙawa ba ta yi.

Ya ce a makon da ƙwayoyin suka nuna Auta tana hutun jinyar mahaifinta, ga shi ƙwayar ayaba ba ta jira, don haka shi ya haɗa abincin, Dakta da kanta ta yi dashen. Roba biyar da rabi ya zuba, ga shi a rubuce.

Mai Sawu ya tambaye shi ko ya ɗanɗana kafin ya zuba.

Sikeli ya dube shi kamar ya zage shi. Ya ce a wannan ginin ba a kai komai baki. Ita ce doka ta farko da ake koya wa mutum ranar da ya fara aiki. Abin da aka rubuta a jikin roba, shi ne a cikinta.

"Ni kuwa ban iya karatu ba," in ji Mai Sawu. "A kai ni siton."

*

Siton ɗan ƙaramin ɗaki ne, ƙofarsa da gilashi a sama. Dakta ta buɗe firizar, ta ciro rabin robar da Sikeli ya rage. Mai Sawu ya sa ta tono har ƙasa, sai ga wata roba guda kwance a can gindi, ƙanƙara ta binne ta, da alama tun ranar da aka ɗura ba a taɓa ta ba. Suka sa su biyun a kwanon ruwan ɗumi suna jira su narke.

Yana jiran ne idonsa ya yi abin da ya saba. Tsakiyar ɗakin a share yake. Amma a lungun da ke tsakanin firiza da bango, inda wanda ke waje ba zai hango ta gilashin ƙofa ba, garin gawayi ya taɓa zubewa, ba a share ba. A cikin baƙin garin akwai zagaye shida, na gindin roba. Kusa da su akwai zagaye ɗaya da ya fi su faɗi. Akwai gurbin gwiwa. Akwai sawun silifa biyu.

Silifan kowa iri ɗaya ne, amma ba kowa ke taka ƙasa iri ɗaya ba. Ƙafar hagun mai wannan sawun tana buɗewa waje, dunduniyar tana cin gefe. Mai Sawu ya san wannan takun. Shi ne takunsa, shi ne na mahaifinsa, kuma cikin 'ya'yansa bakwai mutum ɗaya ce ta gaje shi. Ya ce wa kansa ai tana da makulli, wurin aikinta ne, ta durƙusa ɗaukar wani abu ne. Ya ɗauke kai.

Rabin robar ta narke. Ya sauke takunkumi, ya ɗiga a tafin hannu, ya lasa. Dakta ta miƙo hannu za ta hana shi, ta makara.

"Ruwa ne da sukari," ya ce.

Ta ce ba zai yiwu ba. Ya miƙa mata. Ta tsaya tana kallon robar, ta waiga ƙofa kamar yarinyar da za ta saci nama, sannan ta karya dokar da ita ta kafa. Ya ga fuskarta ta canza. Shekara bakwai, kuma ruwan sukari ta shayar da su da hannunta.

Ta buɗe ta biyun da sauri, ta lasa, ta ce wannan shi ne na gaskiya, ta miƙo masa don ya ji bambancin.

Ya kurɓa kaɗan. Ɗanɗanon ba na kwakwar da ake fasawa a sha ba ne. Akwai ɗan ƙaurin dafuwa a ciki, da wani gishiri-gishiri a ƙarshen harshe. Kuma ba yau ya fara jin sa ba. Ya ji shi a kwance a kan tabarma, lokacin da ko ruwan randa ya sha sai ya dawo, Auta tana tallafe da kansa tana ba shi cokali-cokali daga babban fulas ɗinsa mai faɗin gindi. Kwana shida wannan ruwan kaɗai cikinsa ya riƙe. Ta ce masa wurin wani direba ta saya.

Dakta ta fita kiran Sikeli. Mai Sawu ya rage shi kaɗai a ɗakin. Ya matsa lungun, ya ɗora silifarsa a kan garin gawayin, ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu. Zagayen da gwiwar da sawun duk suka zama baƙin shafe.

Shekara arba'in yana zagin masu share sawu da reshe. Ya tsaya yana kallon baƙin da ya manne a gefen farin silifan.

Da suka dawo ya ce musu ya gaji, gobe zai faɗi abin da ya gani. A bakin ƙofa ya juya silifan ya kife su, ya tura su ƙarshen layi.

*

La'asar ta yi kafin Auta ta dawo gida. Ta same shi a tsakar gida a kan benci, fulas ɗin a gabansa, babu shayi a ciki. Uwarta tana maƙwabta. Ta dubi fulas ɗin, ta dube shi, ta ajiye jakarta a hankali ta zauna a ƙasa.

Bai tambaye ta ba, ita ta faɗa. Likita ya ce in ba a samu abin da cikinsa zai riƙe ba a shirya. Ta zaga kasuwa biyu babu ɗanyar kwakwa. Ta san inda akwai roba bakwai. Ta juye shida, ta cika su da ruwan sukari don kada a ga gurbi, da niyyar in motar kwakwa ta zo ta mayar, don a lissafinta ƙwayoyin sai bayan wata biyu za su nuna. Suka nuna da wuri, tana gida tana jinya. Ranar da ta koma ta tarar an gama dashe. Ta yi ta addu'a su rayu a haka. Da suka fara mutuwa ta yi niyyar magana, sai ta ji an ambaci Gwaggo, bakinta ya yi nauyi. Kowace safiya ta ce yau, kowace yamma ta dawo ba ta faɗa ba.

"Da na roƙi Dakta, da ta hana," ta ce. "Mutuwa kake yi, Baba."

"Wataƙila ta hana. Wataƙila ta bayar. Ba ki tambaya ba." Ya juya fulas ɗin a hannunsa. "Ruwan ban ga laifinki sosai ba, ni na sha, ga ni zaune. Kwana taran nan fa? Kin ga an ɗauke kofin matar nan, kina wucewa kina gaishe ta."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan siket ɗinta. Ya so ya yi mata tsawa, amma bai ga da wane baki ba. Sai ya faɗa mata abin da ya yi a lungun firiza. Ta ɗago da sauri. Tun tana ƙarama take jin yana cewa mai share sawu ya fi ɓarawo lalacewa.

Ta ce to ai yanzu babu wata shaida. In ya yi shiru, ba za a kori Gwaggo ba tunda ba ta da makulli, kuma ba za a san kowa ba.

"Sai a koma kan Sikeli," ya ce. "Shi ya zuba, shi ke da makulli. Shi ma sai mu ba shi kwana tara?"

Ya ce mata gobe ƙarfe goma zai yi magana. In ta riga shi, ya fi mata. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya bar abincinsa a rufe.

*

Ranar Alhamis Dakta ta tara su a ɗakin shan shayi kafin manya su iso. Sikeli ya zo da littafinsa a ƙirji, fuskarsa ta nuna bai runtsa ba, don tun jiya ya gane inda kibiyar ta juya. Mai inji yana jingine da ƙofa, maigadi a bayansa. Gwaggo ta ƙi zama. Auta tana kusurwa.

Mai Sawu ya miƙe. Ya ce kwalaben Gwaggo tsaf suke, rogo ne shaidarta. Ya ce zafin awa uku bai kashe komai ba. Ya ce Sikeli ya auna daidai, abin da ya auna ne ba daidai ba, domin an juye ruwan kwakwa roba shida an cika da ruwan sukari, kuma a gidan da ba a kai komai baki, ruwan sukari zai iya shekara yana amsa sunan kwakwa.

Sikeli ya fara rantsuwa cewa shi bai taɓa ba. Mai Sawu ya ɗaga masa hannu. Ya dubi kusurwa. Auta tana kallon yatsunta, leɓenta yana motsi, babu sauti. Ya ba ta lokaci har shirun ya fara yi wa mutane nauyi. Sannan ya ciro fulas ɗin daga jakarsa ya ajiye a kan tebur.

"Aikina in bi kaya har inda suka kwana," ya ce. "Na bi waɗannan. A cikina suka kwana. Ni na shanye su, kwana shida, da wannan fulas ɗin. Jiya kuma na ga sawun wanda ya ɗebo a bayan firiza, na sa ƙafa na share. Silifan suna ƙarshen layi a kife, ku duba gefensu."

Mai inji ya fara dariya yana zaton wasa ne, ya ga babu mai tayawa, ya haɗiye.

"Ni na ɗebo." Muryar Auta ce, ƙasa-ƙasa. Ta miƙe tana dafa bango. "Bai sani ba sai jiya. Na ce masa saya na yi." Ta faɗi sauran a tsaye, ba ta rage komai ba, har da safiyoyi taran da ta ce yau ba ta faɗa ba.

Da Dakta ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da an tambaye ta, da ta ba da uku ta riƙe huɗu, kuma da ko a ranar da Auta ta dawo ta faɗa, da an kwashe 'ya'yan an sake musu abinci, rabi sun rayu. Wannan maganar ce ta sa Auta ta zauna a ƙasa. Dakta ta miƙa hannu, Auta ta ciro makullin siton daga wuyanta ta ba ta. Dakta ta ce sunan da manya suka nema za ta ba su, ba za ta ɓoye ba, abin da suka yanke shi ke nan. Amma akwai ƙwaya tara da suka nuna a makare, ga kuma roba guda ta gaskiya. Ta ce ita hannunta ya fara rawa da tsufa, Sikeli kuma murƙushe ɗan tayin yake. Kafin manya su iso, Auta za ta wanke hannu ta ciro taran nan, ko da shi ne aikinta na ƙarshe a gidan.

Auta ta rarrafa wajen Gwaggo ta kama gefen zanenta. Gwaggo ta dube ta daga sama.

"Da kin ce min uban ne ba lafiya, da ni zan riƙe miki ƙofa ki ɗiba," ta ce. "Amma kina ji ana cewa na zuba guba, kina ce min ina kwana." Ta janye zanenta, ba da ƙarfi ba. "Tashi ki je ki yi aikin da aka sa ki. Ni yafiyata ba ta nuna ba tukuna."

Ta wuce kantar kofuna, ta duba, ta tambaya ina aka kai nata. Sikeli da kansa ya je ya ɗauko shi daga bayan kwali, ya ɗauraye, ya ajiye a tsakiyar na kowa.

Dakta ta biyo Mai Sawu har ƙofa da ambulan ɗin ladansa. Ya ƙi karɓa. Ya ce ai an riga an biya shi, roba shida.

*

Bai tafi gida ba. Ya zauna a kan dutse a wajen shingen cibiyar, ya ga motar manya ta shiga, ya ga ta fita. An yi ruwa da safe, hanyar ta yi laushi. Bayan azahar Auta ta fito da jakarta da farar rigar aikinta a naɗe a hammata, da wata takarda a hannu. Bai tambaye ta abin da aka rubuta ba, yana ganin rigar ya gane an sallame ta.

Ta ce ta ciro taran, babu wanda ya ƙuje. Sai bayan mako uku za a san ko sun kama, kuma Gwaggo ta ce in sun yi kore za ta aiko a faɗa mata, ba don ita ba, don ayabar.

Ya gyaɗa kai. Suka kama hanya, tana gaba yana baya kamar jiya. Mutanen da suka san shi suna gaishe shi daga bakin shaguna, wani ya tambaya ko an kama ɓarawon. Ya ce an kama, su biyu ne.

Yana tafe yana kallon ƙasa, don bai iya tafiya ba tare da ya kalle ta ba. Ga sawun Auta a cikin damshi, ƙafar hagu a buɗe, dunduniya tana cin gefe. Hanyar ƙunci ce, in ya bi tsakiya sai ya taka su. Ya koma gefe, ta cikin ciyawa da ƙaya, ya bar su a fili har ƙofar gida.